Abin da Na Yi wa Salansar Alhaji Ladan

Bashiru ɗana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, ko a cikin mota ka buɗe ta, ko sai ka sauka Abuja ka miƙe ƙafa. Allah ya tsare hanya, ya daidaita hannun direba, ya sauke ku lafiya. Innarka zan bai wa ta sa maka ita a jaka, ƙarƙashin ƙunshin kilishi, don na san nan hannunka zai fara zuwa.

Ba labarin gida zan ba ka ba, babu wanda ba ka sani ba. Ka san ni da surutu. A gareji bakina ba ya hutawa daga hantsi har la'asar, amma in maganar ta zama tsakanina da kai sai harshe ya yi mini nauyi. Shi ya sa na ari biron ƙanwarka na zauna a bencin ƙofar gida.

Raina fari ƙal da wannan tafiya taka, kada ka yi shakka. Ɗan mai waldar salansa daga bayan tashar Jega, an kira shi garejin da ake gyaran motocin gudu masu turbo, mene ne ya fi wannan daɗi? Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Mai garejin ya ce wata guda zai gwada ka kafin ya riƙe ka. Ni kuwa mako uku ke nan, tun ranar da na gwale ka gaban jama'a a kan motar Alhaji Ladan, ban ƙara jin ka ce "Baba, ga abin da na gani" ba. Kana gaishe ni, kana miƙo mini sifana, kana yin abin da na ce. In ka tafi Abuja da wannan shirun, ka ga matsala a mota ka haɗiye don wani babba yana tsaye a kanka, ba za ka cika watan ba. Ni na rufe bakin nan, don haka ni ya kamata in buɗe shi. Amma sai na fara gaya maka inda taurin kaina ya samo asali.

Maigidana marigayi Malam Ɗan'ige, wanda ya koya mini aiki, mutum ne mai hannu. A zamaninsa motocin kafireto ne a gari, babu mai turbo ko ɗaya. Yakan ce da ni, "Garba, inji yana son a ɗan riƙe mishi numfashi. In ka sake mishi duka, lalacewa yake." Ya kuma nuna mini da ido. An kawo wata tasi da salansarta ta faɗi a hanya, tana ruri kamar za ta tsaga gari, amma in an saki kuloci sai ta tashi a sanyaye. Ya mayar mata da bututu daidai ita, sai ga ta tana ja. Na riƙe wannan magana kamar karatun allo, ban taɓa tambayarsa dalili ba.

Sai da ka dawo daga makaranta ka ce da ni abin da ya gani gaskiya ne, dalilin ne ba shi ba. Ka ce bututu madaidaici yana sa hayaƙi ya yi gudu, na gaba ya jawo na baya, ba wai toshewa ce inji yake so ba. Na ji ka da kunne ɗaya, na ci gaba da cin gyaɗata. To ga shawarata ta farko. Duk abin da babba ya koya maka ka karɓa da hannu biyu, sannan ka tambaye shi a wace irin mota ya gani, kuma don me. Tambaya ba raini ba ce. Da na tambayi Malam Ɗan'ige, na tabbata da murna zai zauna mu bincika tare.

Mota mai turbo ta farko da ta shigo hannuna ta Malam Sahabi ce, manomin albasa daga Jiga Birni. A-kori-kura ce mai shan gas, ya saye ta don ya riƙa kai albasarsa Aliero da kansa, inda manyan motoci ke lodi zuwa kudu. Lokacin kana rarrafe. Ya zo mini ana tsakiyar cirar albasa, salansa ta ci tsatsa ta huje. Na duba ban da bututu mai faɗin nata, sai wani siriri. Na ce a raina ai gara ma haka, za a riƙe mata numfashi.

Ban tsaya nan ba. Ka san yadda muke lanƙwasa bututu: a ɗura masa busasshen yashin gulbi, a toshe baki biyu, a gasa shi da wuta, sannan a karya shi a hankali, yashin ya hana cikinsa matsewa. Ran nan yashina ya ƙare, kuma ƙyuya ta hana ni sauka gulbi. Na gasa shi haka nan na lanƙwasa. Gwiwar ta lotse, na ga ta lotse, na juya wajen lotsewar sama inda ido ba ya kaiwa.

Washegari Malam Sahabi ya yi lodi ya kama hanya. Mota ta ƙi ja. Ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai baƙin hayaƙi da zafi, keke ma yana wuce shi. Ya lallaɓo ta ya dawo mini da kayan a kai. Na ce gurɓataccen gas aka sayar masa, muka zubar. Na ce filta ce, muka canza. Na kwance nozul na kai aka wanke. Kwana uku muna abu ɗaya, albasa tana cikin buhu a rana har ta fara ruwa, motocin da zai bai wa kaya suka cika suka tafi. A rana ta uku ya tsuguna kusa da ni, ya ce cikin sanyin murya, "Garba, ni ba makanike ba ne. Amma wagga mota lafiyarta lau sai da ka taɓa wutsiyarta."

Na fusata. Don in ƙaryata shi na ɗauki zarto na yanke bututun daga bayan turbo, na ce ya zagaya ya gani. Ya zagaya. Mota ta tashi da lodinta kamar ba komai a kanta. Bawan Allahn nan bai gaya mini baƙar magana ko ɗaya ba. Da kaka ta zagayo ma ya aiko mini da albasa rabin buhu, innarka ta yi ta miya da ita, ni kuwa kowace loma kunya nake haɗiya.

Saboda haka, in mota ta dawo maka da ciwon da ba ta zo da shi ba, fara tuhumar hannunka kafin ka tuhumi mai ko filta. Ka saurari mai mota ko da bai san sunan ƙarfe ɗaya ba, shi yake kwana da tashi da ita. Kuma kada ka ɓoye aibin aikinka a inda ido ba ya kaiwa, mota za ta tona ka a kan titi.

Ka ga da ina da hankali da nan na gane. Turbo ai fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ya fito daga inji da zafinsa yana juya ta farko, ta biyun tana tura iska cikin inji, iska ta yi yawa a ƙara mata mai, ƙarfi ya samu. Fankar farkon nan ba ta juyawa da kyau sai in gabanta akwai matsi, bayanta kuwa a sake. Kamar ban ruwa ne a lambu: in ƙarshen kwatar ya cika ya toshe, ruwa tsayawa yake ko da injin ban ruwan yana ta kuka. In ka matse bayan turbo, fanka ta yi nauyi, ba ta tashi da wuri. Hayaƙi ya taru a gabanta, fistin ya riƙa wahalar turo shi waje, wani ma ya maƙale a ciki ya cinye gurbin sabuwar iska. Zafi ya ƙaru, ƙarfi ya ragu, mai ya tafi a banza. Yanzu ina rubuta maka shi kamar ni na gano, alhali daga bakinka na tsince shi guntu-guntu. A wancan lokaci cewa na yi laifin lotsattsiyar gwiwa ce kawai, siririn bututu ba shi da laifi.

Kuskurena na biyu kishiyar na farko ne, kuma shi ya ƙara kafe ni a kan ɓata. Kana makarantar kwana lokacin. Wani saurayi, Nura, ɗan wani ɗan kasuwa a Aliero, ya kawo wata jar mota mai fetur da turbo, gajera har cikinta yana shafar ƙasa. Ya ce yana son ƙara da gudu, yana son in ya taso daga Aliero a san da zuwansa a Jega. Ni kuma son a sani ya ɗebe ni. Na yanke tukunyar salansa na jefar. Na fasa ragar nan mai kama da saƙar zuma da ke tace hayaƙi. Na ja mata ƙaton bututu miƙaƙƙe tun daga turbo har baya.

Mota ta farka, ba ƙarya. Da muka fita gwaji sai da bayana ya manne da kujera, na dawo ina washe baki ina karɓar gaisuwa. Ban auna komai ba. Ban san cewa in an sake wa turbo baya tana iya tura iskar da ta wuce kima ba, har 'yar ƙofar da ke rage mata hayaƙi ta kasa riƙe ta. Ban san ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, tana nan tana ba da mai irin na da ba. Iska ta rinjayi mai, wuta ta yi zafi fiye da ƙarfe. Ba a yi kwana goma ba, da rana tsaka a hanyar Maiyama, daidai mararrabar Andarai, fistin ɗaya ya narke. Allah ya kiyaye ba a yi hatsari ba. Na je na same shi zaune a gindin bishiya ya rafka tagumi, motar tana ɗigar da baƙin mai.

Ka san abin da na ce a raina muna janyo ta? Na ce Allah ya jiƙan Malam Ɗan'ige, ga shi an sake mata numfashi ta mutu. Na ɗauki laifin rashin awona na ɗora wa faɗin bututu, na zauna a kan haka shekara da shekaru hankalina kwance.

Inda za ka, irin su Nura ne za su cika maka gareji, kowa yana son tasa ta fi ta abokinsa. Ka sake wa turbo baya, wannan daidai ne, amma duk ranar da ka sake ka auna iskar da take turawa, ka duba man da inji yake samu, ka daidaita ƙwaƙwalwar da sabon numfashin. Kada ka fasa ragar tace hayaƙi don wani ya matsa maka. In ta toshe a sa wadda take wucewa da kyau, don hayaƙin nan mai tallan da ke bakin titi ne yake shaƙa. Ka duba gaban turbo ma, tsakaninta da inji. Can ne ake son matsi, in akwai tsaga ko yoyo a wurin ƙarfi ne yake zurarewa. Ƙara kuwa ba ƙarfi ba ce, na ga motocin da suka cika unguwa da ihu babur yana tsere musu. Kuma duk wanda ka ƙara wa gudu ka duba masa birki da taya kafin ka miƙa masa makulli, ko ya ji haushi. Ɗan wani ne, uwarsa tana jiran ya dawo.

To mu zo kan Alhaji Ladan. Ka san shi, dillalin hatsi, furfura har gemu amma in ya hau titin Birnin Kebbi sai ka rantse saurayi ne. Ya ce motarsa mai turbo ta cika gurnani, in ya zo masallacin Juma'a kowa sai ya waiwayo, in rage mata murya. Na ɗauko tukunyar wata ƙaramar mota na liƙa mata. Murya ta kwanta, Alhaji ya yi murna. Bayan kwana biyu ya dawo, mota ta yi nauyi, tana zafi, tana shan mai kamar an huda tanki.

Ka leƙa ƙarƙashinta ka taso, ka ce a hankali, "Baba, tukunyar nan ta yi mata kaɗan. Bari in huda bayan turbo in sa geji mu ga matsin da ke wurin." Da ladabi ka faɗa, ban manta ba. Amma Alhaji yana tsaye, direbobin tasha uku suna zaune a benci, ga Isa mahauci ya baro tukubarsa ya zo kallo. Sai na ji kamar ka tuɓe mini hula. Na ce tun kana cikin tsumma nake waldar salansa, na ce karatun waya ba ya gyara mota, na ce in ka isa ka buɗe garejinka. Aka yi dariya. Ka mayar da gejin cikin akwatinsa, ka ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba." Wallahi tun kafin ka rufe akwatin na san ban kyauta ba.

Daga nan na canza fulogi, na canza famfon mai, na wanke abin da ba ya buƙatar wanki. Alhaji ya yi ta zarya mako uku. Kai kuma kana miƙo mini duk abin da na nema. Da ka yi mini gardama da ya fi mini sauƙi.

Shawarar da ke nan ta gaba ce, ranar da kai ma za ka zama maigida. In na ƙasa da kai ya gaya maka gaskiya a gaban mutane, zafin da za ka ji na minti biyar ne, ka daure masa. Ni na ƙi daurewa, na saya mana mako uku.

Jiya da ka tafi Sarandosa yin sallama da kakarka, na kira Alhaji na ce ya kawo motar. Na buɗe akwatinka na ɗauko gejin. Na huda inda ka nuna, na ɗaura shi da siririn bututun tagulla yadda na ga kana yi, na ce Alhaji ya taka. Allurar ta yi tsalle ta haye sama ta tsaya tana rawa. Na daɗe ina kallonta. Ban san haka hayaƙi yake cunkushe a wurin ba, shekara talatin ina aiki a kansa ban taɓa ganinsa da ido ba sai jiya.

Na yanke tukunyar. Na ɗauki buhu na sauka gulbi da ƙafata na ɗebo yashi, na soya shi a kan kwano ya bushe. Na lanƙwasa bututu mai faɗi, gwiwa biyu, kowace sumul. Na haɗa mata babbar tukunya irin wadda ka taɓa zana mini a ƙasa da tsinke, mai miƙaƙƙen bututu a ciki da ƙananan huji kewaye da shi, wadda take shanye ƙara ba ta tare hanya. Muka sake tayarwa. Allurar ta ɗan ɗaga kai kawai ta koma. Na shiga muka je Maiyama muka dawo a hankali, ko a haka ana jin motar ta yi sauƙi, zafi bai tashi ba, muryarta kuma ƙasa-ƙasa yadda yake so.

Da muka tsaya Alhaji ya fito yana cewa, "Garba, hannunka na nan ashe." Direbobin nan suna benci. Na aika aka kira Isa mahauci, na ce ya bar naman ya zo, tunda da shi aka yi dariya. Da suka taru na ce, "Alhaji, wanga aiki ba nawa ba ne. Abin da Bashiru ya faɗa ran nan shi na yi yau, ban ƙara ko ƙusa ba. Shi ke da gaskiya, ni na yi kuskure, kuma ya fi ni sanin wagga mota." Isa ya ce, "Tau, yau za a yi ruwa da ƙanƙara, Garba ya ce ya yi kuskure." Aka yi dariya, wannan karon ni aka yi wa, kuma ban taɓa jin dariyar da ta yi mini daɗi kamarta ba. Na so kana wurin. Da ka dawo da yamma na buɗe baki sau biyu in gaya maka, sai in ji kaina ina tambayarka lafiyar kakarka.

Ka yafe mini, ɗana. Idonka yana gani daidai, kanka yana aiki daidai. In ka ga abu a Abuja ka faɗe shi, da ladabi yadda ka saba, ko wane ne a tsaye. In an ƙi ji ka ce a auna.

Saura abu ɗaya. Na sake wa motar Alhaji baya, amma iskar da turbo take turawa yanzu da man da take samu, ban san yadda ake duba su ba. Na'urar karanta ƙwaƙwalwar mota da ka bar mini na kunna ta, ta cika mini ido da lambobi, na kashe. Don haka na ce da Alhaji kada ya kuskura ya taka ta har ƙasa sai ɗana ya kira daga Abuja ya ce a taka. Yau da safe na hango shi ya nufi kasuwa yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, masu babur suna yi masa oda. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yaushe injiniyan zai kira?"

In ka sauka ka yi salla ka ci abinci, ka kira ni. Wayata za ka kira, ba ta innarka ba. Zan zauna kusa da motar da na'urar a hannu, ka gaya mini inda zan danna, a hankali, don kan tsoho ne. Ba zan taɓa komai ba sai na ji muryarka.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da maigida mai haƙuri fiye da wanda ka baro. Allah ya tsare hannunka daga ƙarfe da wuta, ya tsare duk wanda zai hau motar da ka gyara. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka,
Garba Mai Walda, Jega